Ta wace ƙofa ya shiga? Yadda shiga siyasa ke sauya tunanin matasa

Ranar Asabar, 28 ga Maris, 2015, ƙanena yana idar da sallar asuba bai dawo gida ba, ya zarce makarantar firamaren unguwarmu inda akwatinmu yake. Shekararsa 19, zaɓensa na farko ke nan. A wancan zaɓen sai an tantance mutum da safe da na'urar karanta kati, sannan ya dawo da rana ya dangwala. Shi ko bai yarda ya gusa ba, wai kada a yi wani abu a bayan idonsa. Nan ya yi azahar, nan ya yi la'asar, kwanon abincinsa ma can Inna ta aika masa. Da aka gama ƙirga ya bi ayarin da ya raka sakamako, bai shigo gida ba sai wajen ƙarfe biyun dare, murya a dishe, ƙafa duk ƙura. "A kasa, a tsare, a raka" da ake ta faɗa a lokacin, shi ya yi ukun duka.

Bayan shekara takwas, ranar 25 ga Fabrairu, 2023, na same shi a ƙofar gida ya baje kayan aikinsa a tabarma yana gyaran wayar wani. Katinsa na zaɓe na cikin walat. Na ce, "Kai ba za ka fita ba ne?" Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Yaya, ni fa an sha ni na warke. Ku je kawai, Allah ya ba mai rabo sa'a."

Irinsa suna da yawa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003 an ce kashi 69 cikin ɗari na masu rajista sun fito. A 2011 aka sauko kusan kashi 54, a 2015 kusan 44, a 2019 kusan 35, a 2023 kuma kusan kashi 27. A wannan na ƙarshen, rajistar hukumar zaɓe ta INEC na ɗauke da mutum miliyan 93.4, kuma kimanin miliyan 37 daga cikinsu 'yan shekara 18 zuwa 34 ne. Bola Tinubu ya zama shugaban ƙasa da ƙuri'a miliyan 8.79, wadda ba ta kai kashi ɗaya bisa huɗu na yawan matasan da ke cikin rajistar ba.

Sai dai a yi hattara da waɗannan alƙaluman. Na shekarun baya akwai aringizo a cikinsu, lokacin da ake iya zama a ɗaki a dangwale takardun akwati guda; na'urar karanta kati ta 2015 da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta 2023 sun rage wannan, don haka wani ɓangare na "raguwar" gaskiya ce ta fara fitowa. Rajistar kanta akwai matattu da waɗanda suka bar gari a ciki. Ga kuma wahalar takardun kuɗi da canjin Naira ya jawo gab da zaɓen 2023, wadda ta hana mutane da dama tafiya inda akwatinsu yake. Duk da haka, wanda ke zama a majalisar unguwa ko teburin mai shayi ba ya bukatar alƙaluma kafin ya san guiwar matasa ta yi sanyi.

Abin da aka saba faɗa shi ne matasa na bukatar wayar da kai, a yi musu taron bita a otal, a raba riga da hula, a ce su fito. Ni ban gamsu da wannan ba. Ƙanena ya san sunan fom ɗin da ake rubuta sakamakon akwati a kai, ya san inda wakilin jam'iyya ke sa hannu, ya san ta inda ake juya sakamako. Ba rashin sani ne ya zaunar da shi ba, sanin ne. Ra'ayin matashi game da siyasa ba a littafi yake samo shi ba. Yana samo shi ne daga abin da ya gani ranar da ya fara sa ƙafa, da irin matsayin da aka ba shi da ya shiga: mai ƙuri'a ne, ko mai cika fili, ko mai tsaron akwati, ko ɗan takara, ko wanda aka watsa wa barkonon tsohuwa a titi. Duk sunansu "shiga siyasa", amma darasin da kowane ke koyarwa daban ne.

Akwai imani iri biyu da mai zaɓe ke ɗauke da su zuwa layi, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko: ƙuri'ata za ta iya sauya wanda zai hau. Na biyu: wanda ya hau zai tuna da ni. Zaɓen 2015 ya tabbatar wa matasan Arewa na farkon fiye da yadda suka zata. Karo na farko ke nan a tarihin Najeriya da aka kayar da shugaba mai ci, Goodluck Jonathan ya buga waya ya taya Muhammadu Buhari murna, Kano kaɗai ta ba da ƙuri'a miliyan 1.9. Samari sun sayi katin gudummawar kamfe da kuɗin aljihunsu, abin da ba a saba gani ba a ƙasar da ɗan takara ne ke biyan mai zaɓe. To amma imani na biyu ne ya ruguje. Matsalar tsaro ta bazu daga Arewa maso gabas zuwa Zamfara da Katsina da Sakkwato da hanyar Abuja zuwa Kaduna, farashin abinci ya yi ta hawa, jami'o'in gwamnati suka shafe wata takwas a rufe a 2022 saboda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU. Matashin da ɗan takararsa ya faɗi zaɓe yana da abin da zai riƙe, zai ce da namu ne ya ci da ba haka ba. Wanda nasa ya ci kuma ya ga abin da ya gani, ba shi da wannan mafakar. Shi ya sa sanyin guiwar 'yan 2015 ya fi na kowa zurfi: sun ba da duk abin da suke da shi ga mutumin da suka fi amincewa da shi.

Kano kuwa ta nuna wani abu da ya saɓa wa hasashen mai saurin yanke hukunci. A zaɓen gwamna na Maris 2019, Abba Kabir Yusuf na PDP yana gaba da tazarar ƙuri'a dubu 26 da ɗoriya aka ce zaɓe bai kammala ba, saboda ƙuri'un da aka soke, ciki har da na mazaɓar Gama, sun fi tazarar yawa. Daga ranar kalmar "inkonkulusib" ta shiga bakin har yara 'yan talla. Aka yi zagaye na biyu ranar 23 ga Maris, masu sa ido na gida da na waje suka ba da rahoton tarzoma da razana masu zaɓe, aka bayyana Abdullahi Umar Ganduje da tazarar da ba ta kai dubu tara ba. A lissafi, matasan da suka ga haka ya kamata su yaga katinsu. Ba su yaga ba. Sun dawo a 2023 a ƙarƙashin NNPP, jam'iyyar da shekara ɗaya kafin nan ba kowa ya san alamarta ba, suka ba Abba ƙuri'a sama da miliyan ɗaya.

Me ya bambanta su da ƙanena? Shi shi kaɗai ya shiga, shi kaɗai ya fita. Su kuwa suna cikin tafiya mai shugabanni tun daga akwati har jiha, da tarurruka, da alamar da ake gane juna da ita, da ɗaruruwan 'yan'uwa da aka kai karatu waje tsakanin 2011 da 2015 waɗanda ake nunawa a ce ga ribar tafiya. Faɗuwar da aka yi a cikin jama'a takan zama bashin da za a dawo a karɓa. Wadda mutum ya yi shi kaɗai kuma takan zama rantsuwar ba zai sake ba. Wannan bai shafi ko kana ƙaunar Kwankwasiyya ko ba ka ƙaunarta ba, haka tsarin yake aiki ko a wace jam'iyya.

Amma darasin Kano bai tsaya nan ba. A Satumba 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zare ƙuri'a 165,663 daga na Abba ta ce Nasiru Gawuna na APC ne ya ci, kotun ɗaukaka ƙara ma ta sauke shi a Nuwamba, sai Kotun Ƙoli ta mayar masa da kujerarsa ranar 12 ga Janairu, 2024. Wata huɗu matasan ɓangarorin biyu suna kwana da kunne a rediyo suna koyon sassan dokar zaɓe. Abin da suka fita da shi, na kowane ɓangare, shi ne akwati ba shi ne ƙarshen magana ba, alƙali ne.

Ƙofar da ta fi kowace faɗi ga matashin Arewa kuwa ba ta rumfar zaɓe ba ce, ta gidan ubangida ce. Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar gidan ɗan takara da daddare ana saura wata biyu zaɓe ya san yanayin. Samari a kan benci, wasu a kan babura, wasu a jingine da katanga, kowa na jiran Oga ya fito ko ya aiko a yi sallama. Da an buɗe get a tashi da kirari, "Sai ka yi, ranka ya daɗe!" Na taɓa zama kusa da wani yaro a irin wannan wurin, ba zai wuce shekara 20 ba, yana ƙirga 'yan ɗari biyar-biyar da aka miƙo wa ƙungiyarsu, su goma sha wani abu. Na ce masa, "Samari, in Honarabul ya ci me kake sa ran zai yi muku?" Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. Ya ce, "Malam, ai yanzu ne cinmu. In ya ci, sai dai mu gan shi a gilashi mai duhu." Bai yi digiri a kimiyyar siyasa ba, amma ya gama karantar cinikin: kafin zaɓe yana da farashi, bayan zaɓe ba shi da shi. To don me zai sayar da rahusa?

Wannan ƙofar hawa-hawa ce. A ƙasa akwai masu cika fili da masu liƙa fasta. Akwai 'yan jagaliya da 'yan daba a Kano, 'yan Kalare a Gombe, Sara-suka a Bauchi, waɗanda ake ba makami da ƙwaya lokacin kamfe, a watsar da su bayan rantsuwa su koma kan unguwanni da ƙwacen waya. A sama kaɗan akwai sojojin baka da ke sayen minti a gidajen rediyo su yabi ubangida su yi wa abokin hamayyarsa shaguɓe. Yanzu kuma ga waɗanda ake saya wa data su yi irin wannan aikin a Facebook da TikTok, burin kowannensu a ba shi takardar mataimaki na musamman, ko da ba ofis ba tebur. Duk waɗannan suna cikin siyasa tsundum, sun fi malamin jami'a halartar taro. Amma abin da ta koya musu shi ne siyasa sana'a ce, jarinta biyayya, kuma kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba na ganin laifinsu yadda wasu ke gani. Yaron da ya gama sakandare ba aiki ba jari, aka nuna masa hanya ɗaya tak da ke kai ga mai kuɗi, in ya bi ta ba wauta ya yi ba.

Manyan ma abin da suke nuna masa ke nan. Rabi'u Musa Kwankwaso ya bar PDP zuwa APC, ya koma PDP a 2018, ya tafi NNPP a 2022. Ibrahim Shekarau ya fito daga ANPP ya shiga APC, ya koma PDP a 2014, ya dawo APC a 2018, ya leƙa NNPP a 2022, bai cika shekara ba ya sake komawa PDP. Atiku Abubakar ma ya zaga PDP da AC da APC. Duk sauya sheƙar da aka yi, sai yaran su sauke tuta su ɗora wata, wanda suka zaga jiya su yi masa kirari yau. Matashin da ya yi haka sau uku kafin ya kai shekara talatin, da wuya ka sake gamsar da shi cewa jam'iyya aƙida ce.

A nan dattawa kan kawo zancen jam'iyyar NEPU, kuma suna da hujja, ko da yake sukan manta rabin labarin. An kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma waɗanda suka kafa ta samari ne, ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa; Malam Aminu Kano kansa shekararsa 30 a lokacin. Shiga NEPU ba ta kawo kuɗi, tana jawo ɗauri a kotun alƙali da bulala da korar aiki daga En'e. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku tun tana da ƙuruciya. Wanda ya biya irin wannan farashin ba ya barin tafiya don an hana shi kuɗin mai, shi ya sa har yau za ka tarar da tsoho a Kano ko Zariya da ke kiran kansa ɗan Sawaba. Rabin da ake mantawa shi ne bangar siyasa ma daga can ta faro: an yi 'Yan Mahaukata da ke far wa 'yan NEPU, ita ma NEPU ta tanadi nata samarin. PRP da ta gaje ta ta ci gwamnan Kano da na Kaduna a 1979, Abubakar Rimi yana da shekara 39, amma ba a je ko'ina ba ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. Ba mala'iku ba ne. Bambancin dai shi ne da yawansu su suke ba jam'iyya, ba ita ke ba su ba, don haka suke jin tasu ce.

Akwai wani rukuni da ba a cika magana a kansu ba, kuma su ne suka fi burge ni: waɗanda suka taɓa riƙe wani aiki na gaske ranar zaɓe, wakilan jam'iyya a akwati, ma'aikatan wucin gadi, 'yan hidimar ƙasa, masu sa ido. Akwatuna 176,846 ne a ƙasar nan, kowane da irin waɗannan matasan. Wanda ya taɓa tsayawa a wurin ƙirga ya san abin da nake nufi. Magariba ta yi, ba wuta, an haska fitilun waya, jami'in zaɓe yana ɗaga takarda ɗaya-ɗaya, jama'a na amsawa da murya ɗaya, "Arba'in da ɗaya! Arba'in da biyu!" Sai a zo kan wadda tawada ta ɗan tsallake layi, gardama ta kaure, wannan ya ce lalatacciya ce, wancan ya ce tasu ce, a ƙarshe a sasanta. Wanda ya ga haka ya sa hannu ya karɓi kofinsa, ba zai yarda ka ce masa "duk zaɓe ƙarya ne" ba, domin na akwatinsa a gabansa aka yi. Zai ce maka ɓarnar tana can gaba, a cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa ko ta ƙaramar hukuma, da tsakar dare, lokacin da jama'a suka watse. Rashin yardarsa yana da adireshi. Irin wannan matashin ne ya fi jin zafin abin da ya faru a 2023, da aka yi alƙawarin za a ɗora hoton sakamakon kowane akwati a rumbun intanet na INEC mai suna IReV nan take, na 'yan majalisa ya riƙa shiga, na shugaban ƙasa ya ƙi, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce. Shi ya san ainihin ramin da aka ce za a toshe. Aikin kuma ba wasa ba ne: a rikicin bayan zaɓen Afrilu 2011 an kashe 'yan hidimar ƙasa goma a Jihar Bauchi, iyaye da yawa tun daga nan suke hana 'ya'yansu karɓar aikin zaɓe.

Ga 'yan mata kuma duk waɗannan ƙofofin sun fi ƙunci. Layinsu ranar zaɓe yakan fi na maza tsawo a unguwanni da yawa, su ake kai wa atamfa da sabulu da taliya. Amma taron da ake yanke shawara da dare ake yin sa, a falon wani, kuma budurwar da aka gani a can ta san sunan da za a kira ta da shi gobe. Matan Arewa ba su ma samu 'yancin jefa ƙuri'a ba sai a rabin ƙarshe na shekarun 1970. Majalisar Dattawa ta goma mata huɗu ne cikin 109. Yarinyar da duk shigarta siyasa ba ta wuce anko da guɗa a filin taro ba, ba abin mamaki ba ne in ta ce harkar maza ce.

To, takara fa? Ranar 31 ga Mayu, 2018, Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya rage shekarun tsayawa takara: shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Gwamna da sanata aka bar su a 35. Fafutukar kanta, wadda ƙungiyar YIAGA ta ja ragamarta, makaranta ce babba ga matasan da suka yi ta, domin sun bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya har suka samu adadin da ake bukata, suka ga da idonsu cewa ana iya sauya doka ba tare da jifa ba. An kuma ga 'ya'yanta: Adebo Ogundoyin ya zama kakakin majalisar Oyo a 2019 yana ɗan shekara 32, Rukayat Shittu ta shiga majalisar Kwara a 2023 tana da 26, a Yobe kuma Lawan Musa Majakura ya kayar da kakakin majalisar jiha da ya daɗe a kan kujerar a yankin Nguru. Labari irin na Nguru ya fi taron bita ɗari tasiri a zuciyar saurayin ƙauye.

Sai dai doka ta buɗe ƙofa, kuɗi ya sa sakata. A 2022 APC ta sa fom ɗin shugaban ƙasa Naira miliyan 100, gwamna miliyan 50, sanata 20, ɗan majalisar wakilai 10, na jiha miliyan 2. A lokacin mafi ƙarancin albashi dubu 30 ne, wato fom mafi araha ya haura albashin shekara biyar da rabi, ba ci ba sha. An yi wa matasa rangwame, amma fom ai somin taɓi ne. Bayansa akwai daliget da za a gani ɗaya bayan ɗaya, sannan ana gobe zaɓen fitar da gwani a kira ka a ce an yi maslaha, ka janye wa yayanka, kai yaro ne, lokacinka na zuwa. Matashin da ya sayar da filin gado ya sayi fom aka yi masa haka, yakan fita da ɗaya daga darasi biyu: ko ya bar harkar har abada, ko ya nemi ubangidan da ya fi na abokin takararsa ƙarfi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kujerar kansila. Nan ne ya kamata ɗan shekara 25 ya koyi siyasa, a mazaɓar da kowa ya san gidansu, a kan maganar kwalbati da rijiyar burtsatse da rufin aji. Amma zaɓen ƙananan hukumomi na hannun hukumomin zaɓe na jihohi, kuma kusan ko'ina jam'iyyar gwamna ce ke lashe komai, ko wace ce. A Kano, NNPP ta cinye ƙananan hukumomi 44 a Oktoba 2024, kamar yadda APC ta cinye su lokacin da take kan mulki, kuma kuɗin da hukumar zaɓen jihar ta fara sanyawa miliyan 10 ne ga ciyaman, miliyan 5 ga kansila. An rufe aji ɗaya, ana mamakin me ya sa ba a samun 'yan aji shida.

Da ƙofofi suka ƙuntata, sai titi. A Oktoba 2020 zanga-zangar EndSARS ta sa an rushe rundunar 'yan sanda ta SARS ranar 11 ga wata, sannan aka harbi masu zanga-zanga a Lekki da ke Legas ranar 20. Yawancin matasan Arewa kallo suka yi daga nesa, suna ganin damuwarsu 'yan bindiga ce ba SARS ba. A Kudu kuwa da yawa daga waɗanda suka fita su ne suka koma layin rajista a 2022 suka mara wa Peter Obi baya, har ya kayar da Tinubu a Legas. Titi ya tura su akwati. Da aka zo zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 zuwa 10 ga Agusta, 2024, bayan cire tallafin mai, sai abin ya juya: Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa da Borno ne suka fi zafi. An fasa wurare an kwashi kaya, an sa dokar hana fita, Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24. Wasu yaran suka ɗaga tutar Rasha, irin wadda suka gani a bidiyon Yamai bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023. An yi ta yi musu dariya cewa ba su san inda Rasha take ba. Wataƙila. Amma yawancinsu an haife su ne bayan 1999, ba su ga Abacha ba, ba su san dokar soja ba, dimokuraɗiyya kaɗai suka sani, kuma da ita suke auna farashin kwanon masara. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da gomman waɗanda aka kama a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja bisa tuhumar da ta haɗa da cin amanar ƙasa, cikinsu har da ƙananan yara, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali bayan wata uku a tsare. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Wasu daga cikin yaran nan za su isa jefa ƙuri'a a 2027, kuma wannan ce haɗuwarsu ta farko da gwamnati.

Ƙanena dai har yanzu bai koma layi ba. Amma bara masu gyaran waya na layinsu suka yi zaɓen ƙungiya, ya tsaya ma'aji. Ya bi shago-shago yana neman goyon baya, ya dage sai an buga sunayen waɗanda suka biya kuɗin wata an liƙa a bango kafin ranar, ya dage a ƙirga a gaban kowa. Ya ci da tazarar ƙuri'a bakwai. Yanzu duk ƙarshen wata yana karanta musu abin da ya shigo da abin da ya fita, har ya sa an rubuta cewa ba wanda zai yi fiye da zango biyu. Da na tsokane shi na ce ashe an dawo siyasa, sai ya ɓata rai. Ya ce, "Haba Yaya, wannan ai ba siyasa ba ce. Kuɗin mutane ne fa."